Yadda Ake Raya Rubutun Na'ura

A shekarar 1086, bisa umarnin Sarki Wiliyam na Ingila, aka ƙididdige gonaki da dabbobi da dukiyar ƙasarsa, aka rubuta da tawada a kan fata, kuma wannan kundi da ake kira Domesday yana nan ajiye a ma'adanar tarihi ta Kew, duk wanda ya iya Latin zai buɗe ya karanta. Domin tunawa da cikar shekara 900 a 1986, sai BBC ta ƙudurta yin irinsa. Aka tattara labarai da hotuna da taswirori daga mutum fiye da miliyan ɗaya, galibinsu 'yan makaranta, aka zuba a faifai biyu masu ƙyalli waɗanda ba sa karantuwa sai da na'urarsu ta musamman. Shekara 20 ba ta cika ba aka daina ƙera na'urar, faifan suna nan lafiya lau amma an rasa mai buɗe su, har sai da masana na jami'o'in Lids da Mishigan suka ceto aikin a 2002.

Abin takaicin shi ne, takarda ko an manta da ita a adaka, muddin gara da laima ba su same ta ba, za ta jira mai karatu. Rubutun kwamfuta kuwa sakaci kaɗai ya isa ya hallaka shi. Ma'abuta fannin adana shi sun kasu mazhaba biyu: masu juya rubutu daga tsohon tsari zuwa sabo a kai a kai, da masu koya wa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwar, wanda da shi aka ceto faifan BBC.

Amma mas'alar da ta fi nauyi a ganina ita ce ta inganci, domin abin da rayuwarsa ta rataya ga kwafi, wa zai shaida ba a yi masa ƙari ko ragi ba? A kan wannan Luciana Duranti ta kafa binciken InterPARES a Kanada a 1999. Wajen tabbatar da ingancin kwafi, malamanmu sukan yi muƙabala, ɗaya na karanta asali ɗaya na bin kwafi da ido. Ma'adana a yau lissafi suke yi, su fitar wa kowane fayil lamba daga abin da ya ƙunsa, wadda ko ɗigo aka taɓa sai ta sauya, sannan su rubuta sunan wanda ya juya shi da ranar da ya juya.