Yadda Sauti da Hoto Suke Isa ga Mai Kallo ta Intanet

A shekarun 1990, idan Bahaushen da ke zaune a Kumasi ko Jidda yana son ganin sabon fim ɗin Hausa, sai ya jira wani ɗan kasuwa ko matafiyi ya taho masa da kaset daga Kano. Fim ɗin yakan yi makonni a hanya kafin ya shiga hannunsa. A yau kuwa, da zarar an ɗora fim a YouTube, mai kallo a Landan da na Damagaram suna iya fara kallonsa lokaci guda. Sauƙin abin yakan sa mutum ya ɗauka cewa fim ɗin yana tasowa ne gaba ɗayansa daga wuri guda ya faɗo cikin wayarsa. Ba haka al'amarin yake ba. Kafin hoto da sauti su isa ga mai kallo, sai an matse su, an gutsuttsura su, an kuma ajiye kwafinsu kusa da shi.

Rage nauyi

Matsala ta farko ita ce nauyi. Bidiyo jerin hotuna ne da suke wucewa da sauri, misali 25 a daƙiƙa guda, har ido ya ga kamar motsi ne. Kowane hoto kuma tarin ƙananan ɗigo ne masu launi. A bidiyo mai kyau sosai, hoto ɗaya yana da ɗigo 1,920 a faɗi da 1,080 a tsawo, wato fiye da miliyan biyu. Da za a aika da wannan yadda yake, da sai an tura bayanin da ya haura megabit 1,200 a kowace daƙiƙa, abin da ya fi ƙarfin layin yawancin masu kallo.

Saboda haka ake matse bidiyon. Ana zubar da abin da ido ba ya lura da shi, sannan a daina maimaita abin da bai canja ba. Idan mai karanta labarai yana zaune a gaban bango, ba sai an aika da hoton bangon sau 25 a daƙiƙa ba. Ana aika shi sau ɗaya, daga nan sai a riƙa aika motsin baki da na hannu kawai. Shi ya sa bidiyon hawan salla, inda dawakai suke sukuwa ƙura tana tashi, ya fi na mai wa'azi da ke zaune wuyar matsewa. Da ƙa'idar matsewa da ake kira H.264, wadda aka kammala a 2003, ana iya mayar da wancan bidiyo zuwa kimanin megabit 5 a daƙiƙa, wato an rage nauyinsa fiye da sau 200. Duk da haka, kallon awa guda a wannan mataki yana cin data fiye da gigabait 2.

Gutsuttsurawa

Matsala ta biyu ita ce ƙarfin layi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wayar da take jan bayani da sauri da asuba tana iya yin nawa bayan magariba, lokacin da jama'ar unguwa suka taru a kan turken sadarwa guda. Don haka ba a ajiye fim a matsayin abu ɗaya. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta ɗauki daƙiƙa biyu zuwa goma, kuma a tanadi kowacce a matakai daban-daban na kyau. Lambobin nan da ake gani a YouTube, irin su 144 da 360 da 720 da 1080, sunayen waɗannan matakai ne, kuma suna nuna yawan layukan ɗigo daga saman hoton zuwa ƙasansa.

Wayar mai kallo ce take yin zaɓi. Takan auna saurin da gunduwar baya ta iso, sannan ta nemi ta gaba a matakin da layin zai iya ɗauka. Tana kuma tara wasu daƙiƙoƙi a gaba, kamar yadda uwargida take cika randa tun famfo bai ɗauke ba. Idan layi ya yi rauni, sai wayar ta sauka zuwa ƙaramin mataki, hoton ya dushe amma fim ya ci gaba, domin da babu gara ba daɗi. Sai randar ta ƙafe ƙaf ne hoton yake tsayawa, ɗan zoben nan ya fara juyawa. Kamfanin Apple ya fito da irin wannan tsari a 2009, aka kuma samar da ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna MPEG-DASH a 2012. Wannan tari da ake yi shi ne kuma dalilin da ya sa mai kallon ƙwallo ta intanet yakan ji ihun maƙwabcinsa mai rediyo kafin shi ya ga an ci.

Kusanto da kaya

Matsala ta uku ita ce nisa da cunkoso. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin zaren gilashin da yake ɗauke da bayanai, amma kowace mahaɗa da saƙo ya ratsa tana ƙara jinkiri. Haka kuma, idan mutum miliyan guda suka nemi fim ɗaya daga kwamfuta ɗaya a Amurka, hanyar za ta toshe. Maganin da aka samo ya yi kama da na 'yan kasuwa: ba kowane mai son sabulu ne yake zuwa masana'anta ba, akwai dillali a kowane gari. Kamfanin Akamai, wanda Tom Leighton da Daniel Lewin na jami'ar MIT suke cikin waɗanda suka kafa shi a 1998, ya baza kwamfutocin ajiya a ƙasashe da dama, domin a riƙa ba kowa kwafin da ya fi kusa da shi. Daga baya Google da Netflix suka riƙa girka nasu rumbunan a cikin cibiyoyin kamfanonin sadarwa. Fim ɗin da mutane da yawa suke nema yakan zauna a rumbun kusa, wanda ba a cika nema ba kuwa sai an ɗauko shi daga nesa.

Akwai kuma cibiyoyin da kamfanonin sadarwa na ƙasa ɗaya suke haɗa layukansu kai tsaye. An kafa ta Nijeriya a Legas a 2006. Inda babu irin wannan cibiya, saƙon da ya tashi daga wannan kamfani zuwa wancan a gari ɗaya yana iya zagayawa ta Turai kafin ya dawo.

Idan hanya ta cushe ko ta yanke

A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida, kwamishinan Tarayyar Turai Thierry Breton ya nemi manyan kamfanonin bidiyo su rage nauyin abin da suke turawa. Netflix ya rage nasa da kimanin kashi 25 cikin ɗari a Turai na tsawon kwana 30, domin masu aiki da masu karatu daga gida su sami hanya.

Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa. Intanet ya yi rauni ƙwarai a Kwaddebuwa da Laberiya da Benin da Gana, ya kuma taɓa harkar bankuna a Nijeriya. An yi makonni ana gyara, yayin da aka karkatar da saƙonni zuwa wayoyin da suka tsira, kamar Equiano wadda ta iso Legas a 2022. Ƙasashe irin su Nijar da Chadi, waɗanda ba su da teku, sun dogara ne da layukan maƙwabtansu, saboda haka matsalar bakin teku takan iske su har gida. Duk ƙasar da take da rumbuna da mahaɗa a cikin gida, da kuma hanyar fita fiye da ɗaya, ita ce jama'arta suke ci gaba da ji da gani ranar da waya ta tsinke.

Tambayoyi

1. Me ya sa bidiyon hawan salla ya fi na mai wa'azi wuyar matsewa?
2. Wane abu ne aka kwatanta da randa, kuma don me?
3. Ta yaya lalacewar waya a teku take shafar ƙasar da ba ta da teku?