Kunne Ba Ya Sabawa da Ƙarar Bindiga

Tambayi duk wanda ya daɗe yana riƙe bindiga, maharbi ne ko ɗan banga ko tsohon soja, ko ƙarar harbi ba ta damunsa. Amsar kusan ɗaya ce: "Haba, ai mu kunnenmu ya saba." Da alfahari yake faɗa, kuma ba ƙarya ya yi ba, don da gaske ƙarar ta daina gigita shi kamar lokacin da ya fara. Sai dai abin da yake kira sabo, a wurin likitan kunne farkon kurumta ne. Yawan jin ƙara ba ya ƙara wa kunne ƙwari. Sashen da ke ɗaukar ƙarar ne ya soma mutuwa, shi ya sa mai kunnen ya ji kamar an yi masa sauƙi.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hirar mutum biyu a zaure wajen 60 take. Hukumar NIOSH ta Amurka, wadda ke binciken lafiyar ma'aikata, ta ce kada mutum ya wuce awa takwas a rana cikin ƙara mai ƙarfin 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, kafin a kai 100 saura minti 15 kacal. Mai injin markaɗe da wanda ke wuni kusa da janareta duk lissafin nan ya shafe su. Bindiga kuwa ta tsallake lissafin gaba ɗaya. 'Yar ƙaramar da ake kira .22, wadda maharba ke rainawa, tana kaiwa wajen 140, kuma 140 ɗin ita ce iyakar da aka ce kada kunnen babba ya ji abin da ya haura ta ko da sau ɗaya. Bindigar farauta mai baki biyu, da fistol, da irin AK-47 da jami'an tsaro ke ratayawa, suna tashi tsakanin 155 da 170. Kada kusancin lambobin ya ruɗe ka, domin duk ƙarin 10 ninki goma ne na ƙarfin sauti, wato 160 ta ninka 140 sau ɗari. Ita kuwa adaka ƙararta ta danganta da yawan albarushin da aka ɗura mata, kuma ranar biki da gangan ake danƙara mata shi don a jiyo ta daga nesa.

Idan sauti ya shiga, dodon kunne yake fara bugawa, sai wasu ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa bugun can ciki, inda akwai wani ɗan murɗaɗɗen ƙashi mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi a kai, wajen 16,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da motsin ruwan saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa a matsayin magana ko kiɗa ko kiran salla. Da su aka haife ka, kuma ba za a ƙaro maka ko ɗaya ba iya rayuwarka. Ƙara mai ƙarfi tana yi musu abin da guguwa ke yi wa gonar gero: karan da ya kwanta yana iya miƙewa bayan kwana biyu, wanda ya karye kuwa ya tafi ke nan. Na tsuntsaye da kifi suna sake tsirowa, ɗan Adam bai samu wannan ba. Akwai wata 'yar tsoka a tsakiyar kunne da ke ɗaurewa idan ƙara ta yi yawa don ta rage bugun, amma kafin ta motsa, ƙarar harbi ta riga ta shige ta yi aikinta.

Babban abin da ke yaudarar mutane shi ne babu jini, sau da yawa ma babu zafi. Ka yi harbi da yamma, kunne ya doɗe, wani "shuuu" ya tashi a ciki, ka kwana ka tashi ya washe, sai ka ce ai ya wuce. A shekarar 2009 wasu masu bincike biyu na jami'ar Harvard, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun gwada haka a kan ɓeraye. Jin ɓerayen ya dawo daidai a ma'auni bayan ƙarar, amma da aka duba can ciki sai aka tarar da yawa daga mahaɗar jijiyoyin ji ta tsinke, ba ta kuma dawo ba. Kunne yakan washe, amma da saura.

Siraran sautuka ne ke fara tafiya, musamman wajen zango 4,000 a ma'aunin likitoci, kuma a can ne irin su s da sh da ts da f da t suke zaune. Saboda haka mutumin ba ya ganin kansa kurma. Yana jin muryarka sarai, yana jin hawa da saukarta, amma "ya tsara" da "ya fara" da "ya tara" duk sun zama abu ɗaya a wurinsa. Ku zauna ku biyu a ɗaki, zai bi zancen. Ku shiga kasuwa ko majalisar da mutum biyar ke magana lokaci guda, sai ka ga ya zuba wa bakinka ido, yana gyaɗa kai inda bai kamata ba. Jikarsa ta yi masa magana sau uku bai waiwaya ba, uwargida ta ce Malam ya fara share mutane. Rediyonsa har maƙwabta ke saurara. Ka lura kuma da kunnen da yake juyo maka. In da kafaɗar dama yake harbi, galibi kunnen hagu ne ya fi lalacewa, saboda idan ya kwantar da kumatu a kan gindin bindiga, na dama yana fakewa tsakanin kai da kafaɗa, na hagu ne ke fuskantar bakin bindigar. Sannan ga ƙugin cikin kunne da ba ya ɗaukewa, wanda ya fi cin rai da daddare idan gari ya yi tsit, har ya hana wasu barci.

Amurka ta san tsadar wannan. A jerin lalurorin da take biyan tsofaffin sojojinta diyya a kai, ƙugin kunne ne na ɗaya, mutum sama da miliyan biyu ke karɓa. A watan Agustan 2023 kamfanin 3M ya amince ya biya dala biliyan 6 don sasantawa da sojoji da tsofaffin sojoji sama da 200,000 da suka kai shi kotu kan wani matoshin kunne da aka riƙa ba su tsakanin 2003 da 2015, zamanin yaƙin Iraƙi da Afganistan. Zarginsu shi ne matoshin yana saki a hankali ba tare da mai shi ya sani ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma shari'ar ta nuna cewa ɗan sararin da ido ba ya gani ya isa ƙara ta shige.

A wurinmu, masu harbin ba su kaɗai ne abin ya shafa ba. Ranar hawan salla a Kano da Katsina da Zariya, 'yan bindigar sarki na sakin wuta jama'a na shewa, yara na kutsawa gaba don su ga hayaƙi, ga mata da goyo a gefen hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar yara a 120, ƙasa da ta manya sosai. Ba na cikin masu cewa a daina wannan al'ada. Hawan Kano ma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2024, kuma hawa babu ƙarar bindiga lami ne. Gyaran ba shi da wuya. A fili, duk lokacin da ka ninka tazararka da bakin bindiga, ƙarar na raguwa da kusan desibel 6, don haka a ja yara baya, a kuma tsaya bayan mai harbi maimakon gefensa. A guji harbi a lungu ko jikin katanga ko ƙarƙashin rumfar kwano, saboda bango yana dawo da ƙarar kan mutane. Mai gwada sabuwar bindiga a cikin soro kuwa, kansa ya cuta kafin kowa.

Maharbi zai ce da ni, in kunne ya ji jiki ya tsira, yaya zan toshe kunne a dawa, ina sauraron motsin ganye? Ɗan banga mai sintirin dare hujjarsa ta ma fi ƙarfi. Gaskiyarsu. Amma su ƙirga harbin da suka yi a shekara, za su ga mafi yawansa ba a irin wannan hali aka yi shi ba: atisaye ne, da gwaji bayan gyara, da biki, da sanar da ganin wata. Duk waɗannan an san lokacinsu, ana iya shirya musu. Kuma wanda sana'arsa ta dogara da jin ƙaramin motsi, shi ya fi kowa asara ranar da siraran sautuka suka tafi.

Auduga da tsumma da takarda a manta da su, sauti ratsa su yake yi. Abin da ke aiki shi ne ɗan matoshin soso da ake sayarwa a shagunan kayan kariyar ma'aikata da wasu kemis, kuma ba shi da tsada. Sa shi ne mutane ba su iya ba. Da hannu mai tsabta za ka murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri, ka ɗaga ɗaya hannun ta saman kai ka ja kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, ka tura shi ciki, ka danne da yatsa kamar daƙiƙa talatin har ya kumbura ya cika wurin. Idan ya zauna, muryarka za ta koma kamar daga cikin kanka take fitowa. Idan wanda ke gabanka yana hango rabinsa a waje, bai shiga ba, cire ka sake.

Akwai kuma marufin kunne mai kofi biyu irin na ma'aikatan filin jirgin sama. Shi sharaɗinsa ya manne da fata, don haka gefen hula ko rawani ko ƙafar tabarau in suka shiga tsakani sun ɓata aikin. Lambar da ke jikin kwali tana nuna desibel nawa abin ke ragewa, mafi girmanta wajen 33, kuma a hannun mutane ba kasafai ake samun hakan cif ba. Cire 30 daga 165, ka ga da ƙyar aka sauko ƙasan iyaka. Shi ya sa ga manyan bindigogi ake haɗa biyun, soso a ciki marufi a waje, wanda ke ƙara kamar desibel 5. Mai hali yana iya neman marufi mai batir, wanda ke barin magana da ƙaramin motsi su shigo amma ya datse ƙarar harbi. Wannan shi ne amsar maharbi da ɗan sintiri. Ɗan kallo da babu komai a hannunsa ya danna 'yar tsokar bakin kunnensa da yatsa ya rufe ramin, ya fi auduga nesa ba kusa ba, uwa kuma ta rufe wa goyonta da tafin hannu ta bar wurin.

In an yi harbi kusa da kai jinka ya ɗauke ɗif a kunne ɗaya, ko jini ko ruwa ya fito, ko jiri ya kama ka, ko kuma doɗewar ta wuce kwana ɗaya ba ta saki ba, a nufi asibiti wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Kada a ɗiga man zaitun ko ruwan albasa ko wani jiƙo. Dodon kunnen da ya fashe yakan haɗe da kansa cikin makonni idan an bar shi a bushe, ɗige-ɗige kuwa ƙwayar cuta suke kai masa. Kada kuma a tsaya jiran gani, domin maganin da likita kan bayar ga jin da ya ɗauke farat ɗaya ya fi tasiri a kwanakin farko, bayan mako biyu damar ta ragu sosai. Wanda ya shekara da shekaru yana harbi ya je a auna masa ji ko da bai ga alamar komai ba. Ana yin gwajin a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika. Zama ne na ɗan lokaci a ɗaki shiru, babu allura, a sa maka abin sauraro ka riƙa nuna alama duk lokacin da ka ji sauti, a ba ka takardar da ke nuna inda kowane kunne ya tsaya.