Gidan Kawsan a Agadas: mai gida ya tafi, gini ya tsaya

Duk baƙon da ya shigo tsohon garin Agadas, idonsa kan hasumiyar babban masallaci yake fara sauka, wadda tsawonta ya kai mita 27. To amma in ya waiwaya, daura da masallacin zai ga wani babban gidan ƙasa wanda matasa suka sani da Otel Ayir, tsofaffi kuwa har gobe gidan Kawsan suke ce masa. Wannan gida shi muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu labarinsa, domin abin da ya raya shi fiye da shekara ɗari shi ne abin da gidajen kakanninmu da yawa suka rasa.

Takardun hukumar UNESCO, wadda ta sanya tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, sun nuna cewa a 1917 aka gina gidan domin Kawsan, jagoran Abzinawa ɗan ƙabilar Ikazkazan, mabiyin ɗariƙar Sanusiyya. Idan ba a manta ba, a watan Disamba na 1916 ne ya shigo Agadas da mayaƙansa, tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, inda suka yi wa barikin Faransawa ƙawanya. Sai dai zamansa a garin bai cika wata uku ba, domin a farkon Maris na 1917 sojojin Faransa suka iso daga Damagaram suka karɓe gari, kuma suka kashe mutane da yawa, ciki har da malamai. Kawsan ya yi arewa, aka kashe shi a yankin Fezzan na ƙasar Libiya a 1919. Shi kuwa Sarki Tagama ya rasu a hannun Faransawa a 1920.

Ke nan wanda aka yi gidan dominsa shi ne ya fi kowa ƙarancin morarsa. Gari ya koma ƙarƙashin waɗanda ya zo kora, daga bisani kuma aka mai da gidan masaukin baƙi. Shekaru da dama Turawa masu yawon buɗe ido suna cin abinci a babban zauren, suna hawa saman soro da maraice su kalli hasumiya, jikokin Faransawan nan ma a cikinsu. Ikon Allah ke nan.

Ta fuskar gini, babu siminti babu ƙarfe a asalinsa. Tubali ne na hannu da laka, katanga mai kauri wadda ke shanye zafin rana ta bar ɗaki da sanyi. Abin da ya fi burge mai kallo shi ne babban zauren, inda manyan ginshiƙai suka ɗauki baka irin ta maginan ƙasar Hausa, wato a ɗaura gutattakin azara, kowace ta ɗan zarce ƴar uwarta, a lulluɓe su da laka har su haɗu a sama. Da wannan dabara ake samun ɗaki mai faɗi a ƙasar da dogon itace yake wuya. Rufin kuwa shimfiɗaɗɗe ne, an karkata shi kaɗan zuwa indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango.

Ga inda maganar take. Ginin ƙasa ba ya son gida babu mutum. Kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, an toshe tsaga, an share indararo. In aka tsallake shekara biyu ko uku, ruwa ya sami hanya, azara ta ruɓe, to sai dai labari. A ganinmu, gidan Kawsan ya kawo yanzu ne saboda duk hannun da ya faɗa ya sami amfanin da zai yi da shi, ko da ba shi maginin ya nufa ba.

Ba haka abin yake ba a gidajen gado da yawa. Mu da ke aikin rediyon al'umma mun sha karɓar irin wannan kuka: mai gida ya rasu, magada ashirin, wasu na Yamai, wasu na Arlit, wasu na Libiya, kowa na jiran ɗan uwansa ya biya magini. Masu iya magana sun ce ba a haɗa gudu da susar gindi, mutum na neman abin kai wa baki ina ya ga kuɗin yaɓe? Wasu kuma don gudun wahala sukan shafe bango da siminti, alhali siminti kan riƙe laima a ciki, bangon ya riƙa cin kansa ba a sani ba.

Ga shi kuma ruwa ya canja hali. Ba mu manta ambaliyar ƙoramar Telwa ta farkon Satumba 2009 ba, wadda ta rusa gidaje masu yawa a Agadas. A daminar 2024 ma tsofaffin gidaje sun ji jiki, kuma a watan Satumbar shekarar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe. Masu yawon buɗe ido da kuɗinsu ke taimaka wa gyara sun ragu tun tawayen 2007.

Don haka muna kira ga magada da su zauna kafin hadari ya haɗu, su naɗa mutum ɗaya mai kula da gida, ko su ba da shi haya ga wanda zai zauna ciki. Hukumomin gari da fadar Sarkin Abzin su ma su tallafa wa tsofaffin magina su koya wa yara ɗaurin baka tun suna raye. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana gidajenmu.