Yadda lissafi ya ƙara wa na'urar hangen ƙananan abubuwa ƙarfin gani

Ingancin batirin wayar salula da farantin sola da ake amfani da su a Gwarzo ko Kabo ya dogara ne a kan yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a cikinsu.

Masana kan duba wannan jeri da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai harba ilektiron. Sai dai tabaronta na maganaɗisu kan dusashe hoto, kuma kayan gyara shi na da matuƙar tsada.

A shekarar 1969 wani Bajamushe, Walter Hoppe, ya kawo dabarar da aka sanya wa suna taikografi.

Ana haska abin da ake bincike ɗigo bayan ɗigo, kowane ɗigo yana hawa kan na kusa da shi, sannan a naɗi yadda ilektiron suka warwatsu.

Daga nan kwamfuta za ta yi hasashen siffar abin, ta kwatanta da abin da aka naɗa, ta gyara, ta kuma maimaita har su dace.

Nauyin wannan lissafi ne ya sa dabarar ta daɗe ba ta yaɗu ba.

A 2004 John Rodenburg da Helen Faulkner suka fito da hanyar gyara hoton ɗigo-ɗigo, aka kuma inganta ta a Jami'ar Sheffield ta Ingila a 2009.

A 2018 ayarin David Muller na Jami'ar Cornell ta Amurka ya rarrabe abubuwan da tazararsu ba ta wuce angistirom 0.39 ba. Angistirom ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan 10 na milimita.

A 2021 ayarin ya sa kwamfuta ta lissafa abu mai kauri falle-falle, har ya zamo karkarwar ƙwayoyin zarra ce kawai ke dusashe hoton.

Sai kuma a 2024 ayarin Pinshane Huang na Jami'ar Illinois ya kai angistirom 0.44 da na'urar da ba ta da kayan gyaran tabarau.

Wannan na da muhimmanci ga jami'o'i masu ƙaramin ƙarfi, domin lissafi na iya ɗauke musu wani ɓangare na tsadar.

To amma dabarar na buƙatar kyamara mai sauri, da kwamfuta mai ƙarfi, da kuma wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa.