Mitar Gwada Wuta: Me Ake Nufi Da 2000, 4000 Da 6000 Da Ke Jikin Kwali?

Duk wanda ya zagaya rumfunan kayan lantarki a kasuwar Aboabo ko babbar kasuwar Tamale zai ga ƙaramar na'urar nan mai wayoyi biyu, ja da baƙa, wadda masu gyara ke kira mita, wasu kuma su ce maltimita. Tun shekarun ɗauke wutar da mutanen Gana suka laƙaba wa suna dumso, wato daga 2012 zuwa 2016, batir da inbata da faifan sola suka shiga gidaje da shaguna, ita ma mita ta bi su. Yanzu mai wayarin, da riwaya na gareji, da yaron da ke gyaran waya a ƙarƙashin lema, kowa na neman tasa. 'Yan kasuwarmu kan saro ta kwali-kwali, wasu daga Kumasi da Ankara, wasu ta Lome da Sinkase, su kai ta Bolga da Paga da Bawku.

Sai dai akwai wata tambaya da ke yawan tsayar da ciniki. Mai saye zai ɗaga kwalaye biyu ya ce, "Alhaji, wannan an rubuta 2000, wannan kuma 6000, mene ne bambancinsu?" Amsar da aka fi bayarwa ita ce ta biyun ta fi ƙarfi, ko tana ɗaukar wuta har bolt dubu shida. Wannan amsa ba daidai ba ce, kuma tana da haɗari, domin wanda ya gaskata ta zai iya kai mita inda za ta tarwatse masa a hannu. Lambar nan ba ta da alaƙa da ƙarfin wutar da mita ke jurewa. Ƙidaya ce ta yawan matakan da gilashinta zai iya nunawa kafin ya cika. A kwalayen Turanci za a ga an rubuta counts, a na Faransanci da ke shigowa ta Togo da Burkina Faso kuma points, duk abu ɗaya ake nufi.

Mu ɗauki mitar da ta fi kowace yawa a kasuwa, wato DT830 da 'yan uwanta masu araha. Gilashinta na da gurbin lamba huɗu, amma gurbin farko na hagu ba cikakke ba ne, 1 kaɗai yake iya nunawa ko ya zauna fanko. Sauran ukun suna nuna 0 zuwa 9. Saboda haka lamba mafi girma da za ta fito ita ce 1999, idan aka haɗa da sifili matakai 2000 ke nan. Wannan ne ya sa ake kiranta mai lamba uku da rabi. Tsarin ya samo asali daga wani ɗan guntun kayan lantarki mai suna ICL7106 da kamfanin Intersil na Amurka ya fitar a ƙarshen shekarun 1970, kuma har yau shi ko kwaikwayonsa ne ke cikin akasarin mitoci masu araha. Mai ƙidaya 4000 tana tsayawa a 3999, mai 6000 kuma a wajen 5999, akwai ma masu 9999 da masu 20,000 zuwa sama.

To ina amfanin wannan ga mai aiki? Amfanin yana wurin ɗigo. Mita ba ta iya ƙara gurbi, sai dai ta matsar da ɗigo. Mai 2000 idan aka juya ta zuwa zangon bolt 20, za ta nuna daga 0.00 zuwa 19.99, wato tana ganin canjin da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na bolt ba. Da zarar wuta ta haura 19.99 sai gilashi ya cika, ya nuna 1 tilo a hagu, wasu mitocin kuma su rubuta OL. Dole a koma zangon 200, inda ɗigo zai matsa gurbi ɗaya, ta koma nuna 25.6 maimakon 25.63. An rasa lamba ɗaya ke nan. Kamar mai sikelin kilo ɗari ne da aka ce ya auna barkono na cefane: sikelin zai auna, amma ba zai ga bambancin cokali ɗaya ba.

Wutar da kamfanin NEDCo mai hedikwata a Tamale ke rabawa a arewacin Gana an tsara ta a kan bolt 230, a Togo da Burkina kuma ana lissafa 220. Duka biyun sun haura 199.9, don haka mai 2000 ba ta da zaɓi sai zangon ƙarshe, wanda a yawancinsu 750 ne ko 600, inda take nuna 228 ko 231 babu ɗigo. Mai 4000 za ta nuna 228.4 a zangon 400. Ga mai duba ko akwai wuta a soket, wannan bambanci bai taka kara ya karya ba. Amma mai injin niƙa ko walda da ke kan layi uku, inda wuta tsakanin layi da layi take wajen bolt 400, yana daidai bakin iyakar mai 4000, sai mai 6000 ce za ta ci gaba da ba shi lamba bayan ɗigo.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wurin batir. Batirin mota ko na sola mai bolt 12, idan ya huta ba a caji ba a ja, cikakkensa yana wajen 12.6 zuwa 12.7, wanda ya sha rabi kuma wajen 12.2. Tazarar da ke tsakanin cikakke da rabi ba ta wuce rabin bolt ba. A nan mai 2000 ta wadatar, domin a zangon 20 za ta nuna 12.64. Amma a haɗa batir biyu don inbata mai bolt 24, nan take ta faɗa zangon 200 ta rasa lamba ɗaya. Haka faifan sola da ake kira na bolt 12, wanda a tsakar rana ba tare da an jona masa komai ba yakan ba da 21 ko 22, shi ma ya tsallake 19.99. Mai 4000 kuwa tana riƙe lamba biyu bayan ɗigo har 39.99. Saboda haka duk ɗan kasuwar da abokan cinikinsa masu haɗa sola ne, a ganina bai kamata ya cika rumfarsa da masu 2000 kaɗai ba.

Mai gyaran waya lissafinsa daban ne. Batirin waya yana yawo tsakanin bolt 3 da wani abu zuwa 4.2 ko ɗan sama idan ya cika, caja ta yau da kullum kuma bolt 5 take bayarwa. Mai 2000 za ta nuna 3.85. Mai 4000 za ta nuna 3.852, amma da batir ya haura 4 sai ta koma 4.18. Mai 6000 ce kaɗai cikin ukun ke riƙe lamba uku bayan ɗigo ga batirin da cajar duka. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa 6000 ta zama ruwan dare a mitocin masu sana'a, irin su Fluke 117.

Wannan lissafi ya ba ɗan kasuwa hanyar gwada kaya kafin ya biya kuɗin sari, domin ba duk abin da aka buga a kwali ne ke cikin mita ba. A riƙe cajar waya mai bolt 5 da ƙaramin batir mai bolt 9. Idan mita ta nuna wutar caja da lamba uku bayan ɗigo, kamar 5.083, ta kai 6000 ko fiye. Idan lamba biyu ta nuna a mafi ƙanƙantar zangon da ya ɗauki wutar, ba ta kai ba, ko da me aka rubuta. Wadda aka ce 9999 ce, ita ma batir mai bolt 9 ya kamata ta nuna shi da lamba uku bayan ɗigo. A kuma lura, a takardun Faransanci waƙafi ake sawa a wurin ɗigo, 12,64 ita ce 12.64.

Sai dai yawan lamba a gilashi ba shi ne gaskiyar awo ba. Mita na iya nuna lamba huɗu tsaf alhali ta kauce. Wannan yana cikin 'yar takardar da ke cikin kwali, wadda yawancinmu ke yarwa. Za a ga an rubuta misali ±(0.5% + 2). Ma'anarsa a ɗauki rabin kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ta nuna, a ƙara taki biyu na gurbin ƙarshe. Idan ta nuna 12.60, kashin farko 0.063 ne, na biyu 0.02, jimla wajen 0.08. Ainihin wutar batirin tana tsakanin 12.52 da 12.68. A ɓangaren wutar gida kuwa, wasu takardun masu araha kan rubuta 1.2% da taki 10. A zangon da kowane taki bolt ɗaya ne, 230 na iya kaucewa da wajen bolt 13 sama ko ƙasa, kuma mitar ba ta saɓa alƙawarinta ba. Mai wayarin biyu na iya tsayawa a soket ɗaya, wannan ya ga 222 wancan ya ga 236, su yi ta musu alhali kowace mita na cikin iyakarta. Wanda aikinsa ke buƙatar tabbaci, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Gana ita ke da alhakin harkar awo da ma'auni a ƙasar, kuma can ake neman a tantance na'ura.

Ƙarfin wutar da mita ke jurewa kuma a jikinta yake, kusa da ramukan wayoyi, inda ake rubuta CAT II ko CAT III ko CAT IV tare da adadin bolt, kamar 600V. CAT II na kayan da ake jonawa a soket ne, CAT III na allon rarraba wuta cikin gini, CAT IV na inda wuta ke shigowa daga turke. Wanda zai buɗe akwatin wutar gida ko na injin niƙa, wannan rubutun ya kamata a nuna masa kafin maganar 2000 ko 6000. Mai auna janareta ko inbata mai araha kuma ya nemi wadda aka rubuta True RMS, domin wutar irin waɗannan ba ta tafiya sumul kamar ta layi, kuma mitar da ba ta da wannan tsari takan ba da lambar da ta kauce sosai.

Akwai kuma batirin cikin mitar kanta. Masu araha idan batirinsu mai bolt 9 ya yi rauni sukan ƙara lamba, su nuna mataccen batirin mota kamar cikakke. Kayan da suka daɗe a sito cikin zafin watan Maris na Tamale sun fi fuskantar wannan. Kafin a miƙa wa mai saye, a kunna a duba ko alamar batir ta fito a gefen gilashi, idan ta fito a canza shi tukuna.