Kafin a Kira Magini: Shirin Gyaran Madafa a Ƙasar Maraɗi

Da an gama kaka a Agye da Gazawa da Gidan Rumji, gero ya shiga rumbu, an kai wake da gyaɗa da aya kasuwa, sai aikin gini ya tashi. A bakin tafkunan da ba su ƙafe ba samari na kwaɓa laka suna jera birgi a rana, amalanken shanu na kai da komo. Galibin birgin nan katanga da zaure da ɗakin amarya yake tafiya. Madafa kuwa, inda ake hura wuta safe da yamma kowace rana ta Allah, ita ce ta ƙarshe a lissafi: rumfar kara a kusurwar gida, da duwatsu uku, da bangon da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin.

Wannan sakaci yana da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibinta daga wutar girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar ta. Mace na tuƙa tuwo, goyonta na baya yana shan hayaƙin da take sha. Ga kuma gobarar hunturu, wadda tartsatsi ɗaya a jikin zana ya ishe ta. Shi ya sa gidan da ya samu sarari ya kamata ya sa madafa a sahun gaba, kuma nasarar aikin tana ƙulluwa ne tun kafin magini ya taka ƙofar gida.

Mai girki ce za ta shata

A birnin Maraɗi, mai babban gini yana iya neman wanda ya karanci fasahar gine-gine ya fitar masa da taswira a takarda. A ƙauye da ƙananan garuruwa taswirar a ƙasa ake yin ta, da toka ko da tsinin kara, kuma wadda ta fi cancanta ta riƙe karan ita ce mai girkin. Ita ta san taku nawa ne daga randa zuwa murhu, da inda turmi zai zauna ba tare da taɓarya ta bugi rufi ba, da tukunyar da ake ɗorawa kullum da wadda sai ranar suna ko biki. In gidan na mata biyu ne ko uku masu karɓar girki, a ji ta bakin kowacce, don a san ko madafa ɗaya za a faɗaɗa ko kowa za a ware mata wurin ajiyar kayanta.

Akwai tambayoyin da ya kamata gida ya amsa tun da wuri. Mutum nawa ake dafa wa? A zaune ake girkin ko ana son dandamali na tsaye? Ina ruwan wanke-wanke zai bi, kada ya kwanta a gindin bango? Matar da ke soya ƙosai ko waina na sayarwa tana buƙatar wurin tanda da kasko daban, kusa da ƙofa.

Sai alƙibla. Hadarin damina daga gabas yake tasowa a wannan yanki, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, don haka ƙofar madafa ba ta son kallon gabas. A nisanta madafar daga rumbu da tarin kara, a kuma duba kada iska ta riƙa kora hayaƙi ɗakunan kwana.

Murhu kafin bango

Abin da za a ƙona shi ke yanke yadda ɗakin zai kasance. Manoman Agye sun yi suna wajen rainon itatuwan da ke tohowa da kansu a gona, dabarar da wani mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a jihar Maraɗi a farkon shekarun 1980, har ƙauyen Ɗan Saga ya zama wurin da baƙi ke zuwa koyo. Gidaje da yawa yanzu daga sassaben gonarsu suke samun makamashi: ƙananan rassan sabara da kalgo, a haɗa da kara. A Gidan Rumji kuwa, inda dubban 'yan gudun hijira daga arewa maso yammacin Najeriya suka sauka tun 2019, buƙatar itace ta ƙaru. Ko'ina dai, murhun da ke tattalin itace riba ne.

Irin wannan murhu ba baƙo ba ne a Nijar. Akwai Mai Sauƙi na ƙarfe da maƙera ke ƙerawa daidai da girman tukunya, akwai kuma Albarka na laka. Shi na lakar a jikin tukunya ake gina shi. Ana kwaɓa laka da ƙaiƙayi da kashin dabba, a bar ta ta tsima kwanaki, a kafa duwatsu uku, a ɗora tukunyar da za a riƙa aiki da ita, sannan a tayar da bango kewaye da ita ana barin 'yar tazara kamar kaurin yatsa don wuta ta lashi gefenta. Ƙofar itace guda ɗaya ce. In tazarar ta yi yawa zafi ya tsere, in ta yi kaɗan wuta ta shaƙe. Saboda haka ranar ginin murhu tukwanen gidan su kasance a wurin.

Tun da matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram ta fara aiki a 2011, tukunyar gas ta shiga gidaje da dama, musamman a garuruwan da ke kan babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa. Amma tuwon gida mai mutum goma sha biyar har yanzu itace ke dafa shi, gas na shayi ne da ɗumame da kunun safe. Madafa mai kyau tana yi wa kowanne wuri, nesa da juna. Hayaƙi sama yake tashi, sai a bar masa taga kusa da rufi da wata a bangon da ke fuskantarta. Gas kuwa ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka yana buƙatar kafa a ƙasan bango. Gawayi kuma ba a hura shi a ɗaki rufe.

Kayan aiki da kuɗi

A jigawar Agye da Gazawa ƙasa rairayi ce, lakar gini sai an ɗauko daga fadama ko tafki, kuma kuɗin amalanke na iya kamo kuɗin birgin. A kwarin Gulbin Maraɗi, wajen Tsibiri da Gidan Rumji, laka na kusa amma danshi ne abin tsoro, sai a ɗaga harsashi da dutse ko bulon siminti. Rufin kwano yana da saurin aiki amma yana tara zafi, yana son tsawo. Rufin ƙasa ya fi sanyi, sai dai yana buƙatar azara mai ƙarfi da indararo da kulawa kowace shekara. Simintin da aka shafa kai tsaye a bangon laka yakan ɓamɓare, magini na ƙwarai zai faɗi haka da kansa.

A rubuta komai: birgi, siminti, yashi, kwano, ƙusa, ƙofa, taga, ruwa, da abincin ma'aikata. A tambayi farashi wuri biyu ko uku, a ware wani abu don abin da ba a zata ba. Mata da yawa suna tara nasu kason ta hanyar adashi ko ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, tsarin asusun da ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, wanda daga baya ya bazu ƙasashe da dama.

Jinga da shaidu

Ana gane magini ta aikinsa da ya ga damina biyu. A je a duba bangon, a tambayi masu gidan ko ya gama a kan lokaci. Magina na kirki sukan cika da aiki da rani, wasu kuma sun tafi ci-rani, don haka a kama su tun da sanyi.

Hanyar biya biyu ce: ladan yini ko jinga. Ladan yini yana jan aiki in ba mai sa ido, jinga kuma tana sa gaggawa in ba a fayyace abin da ta ƙunsa ba. Kowacce aka zaɓa, a zauna gaban shaidu biyu a faɗi tsawo da faɗi da yawan tagogi, da wanda zai sayi kaya, da wanda zai kawo ruwa, da ko yaɓe da daɓe suna ciki. A rubuta, ko da boko ko da ajami. A raba kuɗin kashi uku: kafin alƙalami, da na lokacin da bango ya kai rufi, da ciko bayan an duba aiki. A gidan da mata ke kulle, a tsayar da lokacin shiga da fitar ma'aikata, a kuma kafa rumfar girki ta wucin gadi a wani gefen.

Jerin masu aiki ma yana da tsari. Mai walda ko kafinta ya ba da awon ƙofa da taga kafin bango ya tashi, mai haɗa wuta ya ja wayarsa kafin yaɓe. Duk inda aka zuba siminti a riƙa ba shi ruwa kamar mako guda. A yi ƙoƙari a kammala kafin watan Mayu ya ƙare, domin ruwan farko ba ya jiran ɗanyen gini. Sabon murhun laka kuma a bar shi ya bushe sarai, a fara masa da ƙaramar wuta, duk tsagar da ta fito a cike ta da ragowar kwaɓin da aka ajiye.