Lambobin yabon mazan jiya: yadda ake gane na gaske, da dalilin da ya sa ba a raba su da takardunsu

Yau maganarmu a kan wani ɗan ƙarfe take, wanda ke kwance a ƙasan adakar tsohuwa a gidaje da dama, an naɗe shi cikin tsumma tare da wasu takardu da suka yi ja don tsufa. Lambar yabo ce ta kaka ko kakan kaka da ya yi soja zamanin Faransa. Dillalan kayan da suna neman irin waɗannan lambobi, sukan taya jikka biyu ko uku, mai gida ya ga ai ƙarfe ne kawai, ya sallama. Kafin a sallama, ya kamata a san abin da ke hannu.

Yadda suka shigo gidajenmu

Tun shekarar 1857 Faransa ta kafa rundunar baƙar fata da ake kira tirailleurs sénégalais. Sunan Senegal ne a kai, amma daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa ake ɗibar mutane, har da ƙasarmu. Sun yi yaƙin 1914 zuwa 1918, sun yi na 1939 zuwa 1945 wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, daga baya aka kai wasu Indoshin da Aljeriya. Marigayi Seyni Kountché ma ya yi aiki a waɗannan wurare biyu kafin ya dawo sojan Nijar.

Ba da sauƙi aka samu lambobin nan ba. A watan Yunin 1940, a Chasselay kusa da birnin Liyon, sojojin Jamus sun ware baƙaƙen fursunoni daga farare suka kashe su. Maƙabartarsu na nan har yau. Ranar 15 ga Agustan 1944 kuma 'yan Afirka na cikin waɗanda suka sauka gaɓar Provence don ƙwato Faransa.

Mu da ke bakin iyaka muna da ƙari. Dangi na Jibiya da Katsina sojan Ingila suka shiga, aka kai da yawansu Bama. Shi ya sa a gida ɗaya za a iya samun lambar Faransa da ta Ingila tare.

Wacce ce wacce

Da ƙyallen da aka rataya lambar ake fara ganewa, don haka kada a cire shi ko da ya koɗe.

Croix de guerre kuros ce ta tagulla mai takubba biyu a gicciye. In ƙyallen kore ne da siraran layuka ja, ta yaƙin farko ce, kuma a bayanta za a ga 1914 tare da 1915, 1916, 1917 ko 1918. In ja ne da layuka kore, ta yaƙi na biyu ce. Mai ƙyalle shuɗi-shuɗi da ja a gefe biyu ta yaƙoƙin waje ce, irin na Indoshin. Ɗan tauraro ko reshe mai ganye da aka maƙala a kan ƙyallen ba ado ba ne: kowane ɗaya na nufin an yaba wa sojan a rubuce saboda wata bajinta, kuma rubutun na cikin kundinsa.

Médaille militaire, wadda aka ƙirƙira a 1852, ƙyallenta ɗorawa ne da kore a gefe. Ita ce babbar lambar ƙananan sojoji da sajan-sajan. Médaille coloniale kuwa tana da ɗan ƙarfe a kan ƙyallenta mai ɗauke da sunan yankin da aka yi aiki, kamar Maroc, Sahara ko Extrême-Orient. Ta Ingila da aka fi gani ita ce tauraron Bama, mai tsini shida.

Ga inda gizo ke saƙar: yawancin lambobin Faransa ba a rubuta sunan mai su a jiki. Haka ma akasarin na Ingila na yaƙi na biyu. An buga su da yawan gaske, kuma har yau ana sayar da sababbi a shagunan Faransa. Ke nan ƙarfen shi kaɗai ba ya shaidar kowa, kuɗinsa ma ba shi da yawa. Abin da ke haɗa shi da mutum shi ne takarda: littafin soja da ake kira livret militaire, katin tsohon soja, takardar shaidar ba da lambar, da hoto in akwai. Wanda ya sayar da lambar ya bar takarda, ko ya ba yara takardar suka yi wasa da ita, ya raba rai da gangar jiki.

Lambobin Jamus

Wasu sojojin sun dawo da tsarabar fagen fama: maɓalli, kan ɗamara, ko lambar sojan Jamus. Waɗannan ne masu tara kayan yaƙi a Turai da Amurka suka fi nema, kuma su ne aka fi yi wa jabu, tun bayan gama yaƙin har zuwa yau. Hatsarin ta fuska biyu yake. Ana iya raina wa mai ta gaske kayansa, ana kuma iya sayar wa ɗan'uwanmu da ke waje ta bogi da sunan wai daga ƙauye ta fito.

Wadda ta fi suna ita ce baƙar kuros ta ƙarfe, wadda aka fara bayarwa a 1813. Ta yaƙin farko tana da kambi a sama, harafin W a tsakiya, 1914 a ƙasa. Ta yaƙi na biyu tana da tambarin 'yan Nazi a tsakiya da 1939 a ƙasa. Mai rataye da ƙyalle tana da 1813 a bayanta. Ta gaske gida uku ce: baƙin ƙarfe a ciki, sai farin ƙarfe guda biyu, gaba da baya, da aka haɗa suka riƙe shi. In aka duba gefenta da kyau za a ga siririn layin haɗin. Ta jabu sau da yawa zubi ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa zama wurin maƙerin fari ya san alamun zubi: ƙananan ramuka, lambobi da suka daƙushe, gefe mara kaifi. Mayen ƙarfe yakan kama tsakiyar ta gaske, amma kada a tsaya nan, don masu jabu su ma sun san wannan gwaji. Wasu har binne kayan suke cikin ƙasa ya yi tsatsa. Tsatsa ba shaida ba ce.

Masu niyyar tafiya da ita waje su yi hattara. Dokar Jamus ta hana nuna tambarin Nazi a bainar jama'a, Faransa ma ta hana sanya shi ko baje shi. A nan gida kuma akwai doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997 da ke kare kayan tarihi, don haka a tambaya kafin a fitar da komai. Mu dai a wurinmu wannan ƙarfe ba abin ƙawa ba ne. Shaida ce ta inda kakanmu ya je da wanda ya fuskanta.

Abin da za a yi a gida

Kada a goge lamba da toka, yashi ko lemun tsami. Gogewa na cinye rubutu, tana kuma rage mata daraja. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Takardu a shimfiɗa su, kada a ƙara ninkewa, a ɗaga su daga ƙasa saboda gara da danshin damina. A ɗauki hoton kowane shafi da salula, a yi fotokofi, a tura wa dangi biyu ko uku. Sannan a zauna da tsofaffin gida tun suna raye, a rubuta sunan sojan, sunan mahaifinsa, garinsu, da shekarar da aka ɗauke shi. Lambarsa ta soja, matricule, ita ce mabuɗi, saboda Turawa sun sha rubuta sunayenmu a karkace.

Nan ne 'yan'uwa na ƙetare za su yi amfani, musamman tunda ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024. Kundin sojojin mulkin mallaka da yawa yana cibiyar adana takardun ma'aikatan soja da ke garin Pau a Faransa, kuma iyali na iya rubutawa su nemi kwafi. Sunayen waɗanda suka mutu a fagen fama kuma ana neman su kyauta a shafin intanet na Mémoire des hommes.

Ba mu ce kowace takarda kuɗi ce ba, kuma duk wanda ya ce a ba shi na goro ya fito muku da fanshon kaka, ku yi nesa da shi. Amma mu tuna, a 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka, ba a fara daidaita shi da na Faransawa ba sai 2007, aka faɗaɗa a 2011, bayan yawancinsu sun kwanta dama. Waɗanda suka kai ga haƙƙinsu, da takarda suka kai.

In talauci ya matsa har sai an sayar, ba mu ga laifin kowa ba. A dai yi shawara da dangi, a ji farashi daga bakin mutum fiye da ɗaya, a ajiye hoto. Wanda kuma yake son kayan su tsira bayan ransa, yana iya tuntuɓar gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai.

Mai irin wannan lamba a gida, ƙofar gidan rediyo a buɗe take. Ya zo da ita da takardunta, mu karanta tare, mu ɗauki labarin mai ita da muryar jikokinsa. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya sa sun huta.